Jajen Hawainiya

Ku mayar da wayar nan aljihu, na gani. Tun jiya kuke bi na da hoton wata hawainiya a kan yatsan Bature, wai a ƙasarsu kuɗinta ya fi na tunkiya, wai ku ma za ku shiga jeji ku kamo ku zuba a kwali ku yi arziki. Madalla. Ni Sale, shekara goma sha huɗu na yi ina kiwon hawainiya, har sunana ya ɓace a Karaye ya koma Sale Mai Hawainiya, kuma har yau in na ga ɗanyen yashi sai na dunƙula shi a hannu na ji laimarsa kafin in tuna na daina. Tunda kun ce abin banza ne, ku gyara zama ku ji yadda banzar take.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne shayarwa. Sunansa Baba Audu Gadina, mutumin Tudun Kaya. Ya yi shekaru yana aikin lambu a gidan wata Baturiya a Kano, ita ce mai kiwon su, da za ta koma ƙasarsu ta bar masa guda shida da keji biyu, ya ɗauko su ya dawo gida, fasinja suna ta rububin fita ta taga. Ni kuwa a farkon shekarun tamanin ɗin nan ina saurayi, fartanya ta ishe ni, na je na ce ina son koyo. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya miƙo mini buta ya ce, "Je ka ba su ruwa." Na samo gwangwanayen madara na wanke tas, na cika, na ajiye wa kowace nata, na dawo ina jiran yabo. Kwana biyu ya zuba mini ido. A na uku ya kama kunnena, gemu fa ya fara fito mini, ya ja ni gaban keji ya ce, "Dubi idonta. Ya faɗa ko bai faɗa ba?" Ido ya faɗa. Ashe hawainiya ko ƙishi zai kashe ta ba ta shan ruwan da ke zaune a mazubi, ba ta ma san ruwa ba ne. Sai ɗigon da ke kan ganye yana ƙyalli yana gangarowa. Tsintsiya ake tsomawa a ruwa a yarfa wa ganyen, safe da yamma, kana tsaye har sai ka ga ta fara lasa.

Keji da karan dawa muke yi, a lulluɓe da wayar taga. Tsawo ake so, ba faɗi ba, don hawainiya in tana ƙasa da idonka ranta a ɓace yake wuni. A sa mata reshen lalle ko na gwaba mai ganye, da hantsi a fitar da ita rana, kafin azahar a mayar inuwa. Kuma kowace da ɗakinta. Na taɓa yin rowar kara na haɗa maza biyu a keji ɗaya, na ce ai waɗannan ko tafiya ba su iya ba balle faɗa. Kai! Kafin ɗaya ya kai wa ɗaya hannu ka sha furarka ka wanke ƙwarya, amma da yamma na tarar da guda a ƙasa baƙi ƙirin, sati ya yi bai ci komai ba. Baba Audu ya ce ni ma in yi satin ban ci naman miya ba, mu ga ko zan ji yadda ya ji.

Kamun fara kuwa shi ne rabin sana'ar. Hawainiya ba ta cin matacce, ba ta cin tuwo, ba ta cin dusa, sai abin da ke motsi. Ragata tsohon gidan sauro ce na ɗinke a bakin lanƙwasasshen reshe, ga gora mai huji a rataye a wuya. Da sassafe nake fita, kafin rana ta busar wa fara fiffike, in bi gefen gonaki ina shara. Da rani in ta yi wuya, sai gyare da gara da kyankyason bayan randa. Kafin ka zuba musu sai ka barbaɗe abincin da garin ɓawon ƙwai, wanda aka gasa aka daka ya yi laushi, musamman ga mata, don da ƙashin uwa ake gina ƙwai. Macen da ba ta samu ba, ƙafafunta za su lanƙwashe ta riƙa faɗowa daga reshe. To ku dai duba: ƙato da gemu yana tsalle a gonar mutane yana bin fara, kuma ba don ya soya ya ci ba. Wani manomi a Kafin Dafga ya taɓa jingina da fartanyarsa ya kalle ni har na gama, sannan ya matso a hankali ya ce, "Bawan Allah, akwai wanda za a aika wa a gida?"

Ga tsoro kuma. Mutanenmu sun yarda in hawainiya ta cije ka ko ta tofa maka yawu, kuturta ce. Ni sun cije ni ya fi a ƙirga, ga yatsuna nan goma ku duba. Amma mai shayi ya ware mini kofina daban, a masallaci kuwa duk sahun da na shiga akwai iska dama da hagu. Masu zuwa wurinmu da fara'a 'yan magori ne, su kuma busasshiya suke so don haɗa magani. Baba Audu da sanda yake raka su.

Masu saye na gaskiya baƙi ne: malaman Indiya da ke koyarwa a makarantun kwana, da Kwarorin Kano masu manyan kantuna, daga baya kuma Turawan da suka zo aikin dam. Kada ku ce hawainiya kawai suke saye, ai hawainiya ga ta nan a kowace magarya. Ta jeji in ka kama ta, baƙi za ta yi, ta wage baki tana huci, ta ƙi ci, kafin wata ta mutu a hannun mai saye, ya dawo maka da gawa. Irin Baba Audu kuwa a keji aka ƙyanƙyashe su, uwa da kaka da kakar kaka. Ka miƙa hannu ta tako ta hau, ta ɗauki fara daga yatsanka. Wannan irin shi ne jarin.

Wani malamin Indiya, mutumin kirki, ba ya cin nama, ko sauro ba ya kashewa, ya saya wa 'yarsa guda. Bayan kwana huɗu sai ga shi a kan babur hankali tashe, wai ta ƙi kabeji, ta ƙi ayaba, ta ƙi shinkafa da madara. Na ciro fara ɗaya daga gora na riƙe, ta harbo harshe ta ɗauke, ƙafar farar tana ta motsi a gefen bakinta. Mutumin nan ya dafe kai ya zauna a kan turmi. Daga ƙarshe muka daidaita: kullum da safe in bi ta gidansa in ciyar da ita, shi kuma ya fita tsakar gida ya juya baya har in gama.

Wani Bature kuma na wurin dam ya dawo da tasa, kukunsa yana yi mana tafinta, wai ta lalace. Ya ɗora ta a kan jan bargo ba ta yi ja ba, ya ɗora ta a kan riga mai gida-gida ba ta yi gida-gida ba. Na ce a gaya masa hawainiya ba marina ba ce. Launinta halinta ne: in ta ji daɗi kore shar, in ta ji sanyi ta yi duhu don ta sha rana, in ranta ya ɓaci ta yi baƙi da ɗige-ɗige. Bature ya dubi abarsa da ta yi baƙi a hannunsa, ya ce a tambaye ni to yanzu me ke damunta. Na ce, "Kai ne." Ban san yadda kuku ya juya maganar ba, na dai ga Baturen yana ta godiya.

Duk wannan wasa ne. Inda sana'ar take shi ne ranar da mace za ta zuba ƙwai. Damina na ja da baya ake kai mace kejin namiji, wuni guda, kana tsaye a kansu. In ta ɗauka ita za ta gaya maka: ta yi duhu, ta wage wa namijin baki, sai ka yi maza ka raba su. Bayan wata guda da 'yan kwanaki ciki ya cika, in ka shafa kana jin ƙwai kamar gyaɗa a aljihu. Sai ta daina ci kwata-kwata, ta sauko daga reshe ta fara zagaye ƙasan keji. To, lokaci ya yi. Ka ɗauko kwatanniya mai zurfi, ka cika da yashin rafi gauraye da jar ƙasa kaɗan, mai laimar da in ka dunƙula zai riƙe amma ba ya ɗiga. In ya bushe rami ya rufta mata, in ya jiƙe ƙwai ya ruɓe. Ka kafa dogon reshe a tsakiya, ka sa ta, ka kewaye wurin da zana, ka tafi.

Ka tafi, na ce. Hawainiya ba ta da kunnen kirki, ko kalangu ka kaɗa bai dame ta sosai ba. Abu biyu take tsoro: dirin ƙafa kusa da ita, da ido. Tana haƙa da kai a ciki, amma jifa-jifa za ta ja da baya ta juya idon nan nata ta duba sama. In ta ga kan mutum, shi ke nan, a wurinta an gano ramin, za ta bar shi ta fito. Ta fara wani, ka sake leƙawa, ta sake bari. Sau biyu, sau uku, ƙarfinta ya ƙare, ƙwai ya tsaya mata a ciki, ta mutu da su. Baba Audu ya taɓa ɗaure ni da rawaninsa a turken akuya don na ce bari in je in ga ko ta fara. Daga hantsi har la'asar ina nan, akuyar tana tuƙa tana kallo na.

In ta gama ta rufe ta daddaɓe da kai, sai ka bi ramin da cokali da gashin kaza. Kowane ƙwai ka ɗiga masa tawada a sama kafin ka ɗaga, don yadda ta ajiye shi haka zai zauna, in ka juya shi na ciki ya mutu. Ka jera su a wata tukunyar yashi gefen randa, ka yi ta duba laima wata da watanni. Sai ruwan shuka ya sauka suke fitowa, kowane bai kai ƙaramin yatsa ba. Sannan ka tara ruɓaɓɓen mangwaro a kwano don ƙananan ƙudajen da ke binsa, su ne abincin jarirai, gida ya yi ta wari kana murna.

Da Baba Audu ya rasu ya bar mini irin, na kwaso su Karaye na yi musu rumfa a jikin zaurena, kusa da darbejiyar ƙofar gida. A lokacin na auri Hanne, mutuniyar Rogo. Mahaifinta, wanda har yau bakina ba zai iya faɗin sunansa ba, manomin gyaɗa ne mai kiwon zabi, kuma don mutuncin mahaifina ya ba ni 'yarsa, ba don sana'ata ba. Shekara uku da auren bai taɓa taka gidana ba. In na je gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, ni ban ɗaga kai ba, shi bai miƙo hannu ba. Ni ina cewa kunyar surukuta ce, Hanne ta ce a'a, kuturta yake tsoro.

Shekarar da ta kusa tashi na daga sana'a, da murna ta fara. Ruwa ya ɗauke, ana cikin kaka, na fita kamu wata safiya na faɗa wata gonar wake wajen Kafin Dafga, na tarar da fara a zube, manya-manya, ko tashi ba sa yi. Da hannu na yi ta tsinta. Na cika gora har da aljihu, ina cewa yau Allah ya dube ni. Ban tsaya na tambayi kaina me zai sa fara mai lafiya ta zauna ƙato ya ɗauke ta ba. Ashe jiya da yamma aka yi wa gonar feshin maganin ƙwari. Da hannuna na bi keji-keji na ba su, har da ƙari. Kafin azahar sun fara faɗowa daga reshe. Kafin kwana biyu, cikin ashirin saura ɗaya. Ba na ɓoye muku, na zauna a kan bokiti na yi kuka har da majina.

Wadda ta tsira muna ce mata Gwaggo, don ta fi kowa girma da harara. Abin da ya cece ta, cikinta ya tsufa, ta riga ta daina ci. Ke nan duk irin Baba Audu, mazansu da matansu, ya koma cikin hawainiya ɗaya. In ta zuba, sana'a ta farfaɗo. In ta mutu da su, ni da kiwo har abada. Ramin farko ta bar shi don kazar maƙwabta ta hau zana. Na biyu amalanken shanu ne ya wuce ta ƙofar gida da buhunan gyaɗa, ƙasa ta girgiza, ta fito. Ranar da ta fara na uku, ƙafafunta har rawa suke, na san babu na huɗu.

Na kori kaji, na tare hanya da itace, na ce wa Hanne yau ko daka kada ta yi. Na zauna a gindin darbejiya, taku huɗu daga zanar, na ba ta baya. Ina nan da hantsi sai na ji sallama. Na ɗaga kai, sai ga surukina da babbar riga fara sol, da hula, da sanda, ya sauko daga motar Rogo. Labari ya kai masa cewa dukiyar mijin 'yarsa ta halaka, shi kuwa mutum ne da ba ya wasa da zumunci. Ko kiwon me kake yi, asara asara ce, jaje ya wajaba.

Na zube ƙasa. Na so in shigar da shi zaure, ya leƙa ya ga kejin da na jibge a ciki, ya ja da baya ya ce inuwar nan ta ishe shi. Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya.

"Ashe abin da ya faru ke nan," in ji shi, yana kallon kan sandarsa.

"Wallahi kuwa, Baba."

"Su nawa?"

"Goma sha tara, Baba."

Ya shiga laluben addu'ar da ta dace da hawainiya. Can ya ce, "To, Allah ya mayar da... Allah ya mayar da abin da ya fi su alheri."

Ku sani, kwana biyar ke nan da asarar, babu maƙwabcin da ya ce mini sannu. Ba mugunta ba ce. An yi ta gardama ne a majalisa ko ana yi wa hawainiya jaje, ba a rabu da magana ɗaya ba. Amma da aka ga dattijo ya hau mota tun daga Rogo, sai aka ce ashe ana yi. Kafin Hanne ta aiko wa mahaifinta ruwa, ga Liman, ga mai unguwa, ga mai shayi, ga wanzami, mutum goma sha biyu, kowa da sallamarsa da dirin ƙafarsa. "Sale, ya muka ji da wannan abu? Sai haƙuri. Allah ya kiyaye gaba."

Zanar nan iyakarta kafaɗa. Duk wanda ya miƙe ya ɗan karkata zai ga cikin kwatanniya, ita ma za ta gan shi. Dabara ɗaya ce ta zo mini: mutum ba ya tashi ana cikin gaishe shi. Sai na kama gaisuwa. Na gaida Liman, na tambayi iyali, na tambayi ƙafarsa mai ciwo, na tambayi ɗaya ƙafar. Na juya kan mai unguwa, ya aiki, ya jama'a, ya dawa ta yi, ya jakin nan da ya ɓata bara. Duk wanda na ga ya dafa gwiwa zai miƙe sai in tare shi da "Ina gajiya?" Akwai wani Ɗanlami dogo, wanda zanar ko ƙirjinsa ba ta kai ba, sau huɗu na gaishe shi. A na huɗun ya ce, "Sale, gajiyar dai ta ɗazu ce, ba ta ƙaru ba."

Da gaisuwa ta ƙare mini, na matsa na raɗa wa Liman gaskiya, na roƙe shi ya sallami jama'a cikin hikima. Allah ya ji ƙan Liman, mutum ne da bai san raɗa ba. Ya gyara murya ya ce, "Jama'a! Akwai guda ɗaya da ta rage, tana bayan zanar nan tana haƙa rami za ta yi ƙwai. Sale ya ce in ta ga mutum mutuwa za ta yi. Saboda haka kada wanda ya leƙa."

Wuya goma sha biyu suka juya wajen zana lokaci guda.

Surukina ya ce, "Rami take haƙawa? Da kanta?"

"Da kanta, Baba."

"Halin zabuwa ke nan. Ita ma in ka gano mata gurbi ta bar shi."

"Haka ne, Baba."

Na ji sanyi a raina, na ce mai kiwon zabi ya gane. Liman ya ɗaga hannu aka fara addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, ni ma haka. Ina cikin amin na ji tabarma ta yi motsi. Na buɗe ido ɗaya. Surukina ya ajiye sanda, ya lallaɓa ba takalmi, ya riga ya kai jikin zana, ya dafa ta da yatsu, yana ɗaga dunduniya.

Ku da kuke gaida surukanku ta waya kuna kwance, ba za ku gane ba. Mutumin nan ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a kasuwa, layi nake sauyawa. Ina na ga bakin da zan ce masa kada? Hularsa ta kai bakin zana. Goshinsa ya kai.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ji bayan babbar riga a hannuwana biyu, na fizgo. Dattijo ya taho da baya ya zauna daɓas, ni na faɗi a gefensa, hula ta gangara ta tsaya a gaban Liman. Rigar ta yage daga wuya har kafaɗa. Amin ta tsaya a bakin mutane.

A garinmu, wanda ya kayar da surukinsa a gaban liman da mai unguwa, ba sai an gaya masa ba, ya fara neman motar da za ta kwashe kayan ɗakin matarsa. Ina kwance ina jiran abin da zai biyo baya, ga kuma dirin faɗuwar mutum biyu da na ji har cikin haƙorina. Ya juyo da kai. Karo na farko a duniya muka haɗa ido. Ya ce da raɗa:

"Ta gan ni?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba a dubawa?"

"Ba a dubawa, Baba."

"To ta yaya ake sani?"

Na nuna masa kan reshen da ya zarce zana. Na ce in ta bar ramin, za ta hawo nan da ciki a cike. In ta zuba, za ta hawo fayau. In ba ta hawo ba ko kaɗan, to sai dai mu ce Allah ya yi.

Ya miƙa hannu aka ba shi sandarsa, bai tashi daga ƙasa ba. Ya nuna jama'a da ita ɗaya bayan ɗaya ya ce, "An gode da jaje. Kowa ya ɗauki takalminsa a hannu, a taka a hankali. Kai dogo, da rarrafe." Wallahi haka aka yi. Liman a gaba da takalmi a hammata yana sanɗa, mai unguwa a bayansa, Ɗanlami a ƙarshe da gwiwa da tafi, har suka sha kwana.

Muka zauna mu biyu, ido a kan reshe. Azahar ta yi, muka lallaɓa bakin zaure muka yi salla muka dawo. Hanne ta aiko da tuwo ya huce a rufe. La'asar ta yi, reshe shiru. In na saci kallonsa sai in ga leɓensa yana motsi, carbi yana tafiya. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, don na san yadda suke mutuwa a cikin rami, shiru, da kai a ƙasa.

Rana ta yi sanyi sannan reshen ya motsa. Hannu ɗaya ya bayyana, ya tsaya yana shawara yadda suka saba, sannan ɗayan. Ga Gwaggo, kanta duk yashi, haƙarƙari a waje, fatar ciki ta saki ta yi yaushi.

"Ta zuba?"

"Ta zuba, Baba."

"Allahu akbar! To ka tsaya kallo na? Ba ta ruwa mana!"

Shi ya riƙe ƙwaryar, daga nesa dai, hannu a miƙe iya tsawonsa, ni ina tsoma tsintsiya ina yarfawa, har ta fara lasa. Washegari na tono ƙwai arba'in da shida. Da ruwan shuka talatin da takwas suka fito, da su na ƙarasa shekaruna a sana'ar, har Turawan dam suka tafi, malaman Indiya suka koma gida, ciniki ya mutu da kansa.

Amma wannan daga baya ne. A ranar, gab da magariba, Liman da mai unguwa suka dawo, fuska ba walwala, ni kuma na koma gefe na durƙusa. Liman ya ce, "Baban Hanne, abin da ya faru ɗazu, Sale ya yi babban kuskure a gaban idonmu. Mun zo a ba ka haƙuri, kuma duk hukuncin da ka yanke, babu mai ja."

"Wane abu?"

"To, jan da aka yi maka, har ka faɗi."

"Wa ya ja ni? Santsi ne."

Liman ya dubi ƙasar gindin darbejiya, wadda rabonta da ruwan sama wata guda da kwanaki, ta bushe har ta tsattsage. Mai unguwa ya ce, "Rigar fa?"

"Tsohuwa ce."

Sabuwa ce dal, ko karin guga bai bar ta ba. Liman ya shafa gemu, ya sake duban ƙasa, ya ce, "Lallai wurin nan akwai santsi. Ni ma ɗazu na ji."

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya bayan wannan, kuma ko a Rogo ko a Karaye, duk wanda ya tayar da zancen amsarsa ɗaya ce. Ni kuwa kullum haƙurin yana bakina, amma har ranar da muka kai shi makwancinsa ban samu na ba shi ba, don ba a ba mutum haƙuri a kan santsi.